Sandar fatsa mai hannu biyu a Kogin Isa: wace mai koyo zai fara da ita?

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nike nema wurin waɗanda sunka riga ni. Na daɗe ina fatsa da tana a bakin Gudel, nan Yamai, amma tun da na fara kallon bidiyon masu fatsa da ƙudan gashi, waɗanda ke ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya maimakon koto, raina ya koma can. Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce doguwar sandar nan da ake riƙewa da hannu biyu, mutum na tsaye a ruwa, zare ya tashi ya miƙe har tsakiyar kogi. Yayana da ke Faransa zai zo hutu cikin Disamba, ya ce in zaɓa ya riƙo mini. Abin da na tara jika 250 ne na sefa, sanda da mulune (abin naɗe zare) da zare duka. Na duba wurin masu sayarwa, na ga ƙafa 11, ƙafa 13, ƙafa 15, ga lamba 6, ga 7, ga 9, kaina ya ɗaure. Wace ta dace da wanda bai taɓa riƙe ta ba? Tsage nike son kamawa, in Allah ya kawo giwan ruwa kuma hannu bibbiyu.

Na Kebek:
Wa alaikumus salam ƙanena, barka da wannan niyya. Nan Kanada inda nake, da ita ake neman kifin samon a kogunan Gaspezi, to bari in gaya maka abin da na sani.

Sandar nan Spey ake ce mata, daga kogin Spey na ƙasar Sikotilan ta samo sunanta. Kogi ne mai faɗi da ƙarfin ruwa, bakinsa ga itatuwa ga tudu, ba filin da mutum zai wurga zare baya kafin ya tura shi gaba. Shi ya sa suka fito da jifan da zaren ba ya wuce bayanka da nisa. Ƙarshensa na taɓa ruwa a gefenka, ruwan ya riƙe shi, sauran ya yi ciki a bayan kafaɗarka, sai ka tura. Duk hikimar ke nan.

Ga mai koyo, ƙafa 12 da rabi ko ƙafa 13, wato kusan mita 4, lamba 7 (lambar tana nuna nauyin zaren da sandar ke ɗauka). Ka zaɓi mai lanƙwasa har tsakiyarta. Kada ka ɗauki mai tauri wadda kanta kaɗai ke motsi, don mai laushi tana ba ka lokaci, kana jin nauyin zare a tafin hannunka, ka san lokacin turawa. Mai tauri ta ƙwararru ce, in ka makara da ƙiftawar ido jifan ya lalace kuma ba za ka gane dalili ba. Ƙafa 15 kuwa manta da ita. Za ta gajiyar da kafaɗarka, kuma a inda za ka tsaya ba ka bukatar wannan tsawon.

Ɗan Ader:
Na gode Yaya. To ƙafa 11 ɗin nan da suke ce ma suwic fa? Na ga an ce ana iya jifa da ita da hannu ɗaya ko biyu. Na ɗauka ita ta fi sauƙi tunda gajera ce.

Na Kebek:
A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Gajartar ce ke sa ta wuyar koyo. Da gajeriyar sanda motsinka dole ya zama ɗan ƙarami kuma daidai, in ka ɗaga hannu fiye da kima ƙarshen zaren ya fizge daga ruwa, ƙugiya ta taso ta wuce ta gefen kunnenka. Doguwar tana yafe kuskure. Kuma da hannu ɗaya suwic na da nauyi, ba a jimawa wuyan hannu ya fara ciwo. Tana da amfaninta a ƙaramin kogi, amma bayan ka iya.

Mushe na Gamkalle:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ban ƙi bayanin ɗan uwa Na Kebek a kan sandar kanta ba. Inda muka rabu shi ne, sandar wane kifi ce? An yi ta ne don samon, wanda ake jefa masa ƙuda a tsallake, a bar ruwa ya ja shi a hankali har ya dawo ƙasa da kai, ka taka gaba kaɗan, ka sake jefawa. Tsage ba haka yake ci ba. Mafarauci ne, ɗan kifin da ke gudu yake bi. Kana jefawa sai ka soke kan sanda ƙasa ka riƙa fizgo zare da hannun hagu da sauri, kamar kawara ta tsorata. In ya kai cafka, bakinsa ƙashi ne da haƙora, ɗaga sanda ba ya shigar da ƙugiya, sai ka fizgi zaren kansa da ƙarfi, sau biyu ma. Yanzu ka yi tunanin yin wannan da mita 4 a hammata.

Sannan kan zaren Spey, wato sashensa na gaba, na da kauri, kuma dole ka bar shi waje da sanda kafin ka sake jifa. Tsage kuwa sau da yawa yana bin ƙuda har kusa da ƙafarka kafin ya ɗauka. Wannan mitocin na ƙarshe su ne ka rasa.

Ni da mai hannu ɗaya nake yi, ƙafa 9 lamba 9, kuma ita nake ba ka shawara, ƙanena. Masu zuwa kogin Faro na Kamaru da Zambezi neman tsage irinta suke riƙewa. Tana shiga jirgi, tana aiki a tafki, kuma da kuɗinka za ka samu mai kyau har da canji.

Na Kebek:
Mushe, maganarka ta jirgi gaskiya ce, ba musu. A cikin jirgi doguwar sanda wahala ce, kifi ya zo gefe ba ka iya kai hannu gare shi. Amma shi ai a baki ya ce yake tsayawa. Ka tuna yadda bakin kogi yake a Yamai lokacin da ruwa ya cika: bayanka shingen garka, ga mangwaro, ga tudu, gabanka burgu. Mai hannu ɗaya na son fili a baya kwatankwacin nisan da za ka jefa gaba. Ina zai same shi? Rabin ƙudajensa a reshe za su ƙare.

Kuma tsage na tsayawa a inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, bayan duwatsu. Ƙudan da ruwa ke ja yana ratsa wannan layin, kana ƙara masa ƴar fizga, ai abin da yake jira ke nan.

Mushe na Gamkalle:
Fili ana samu in ruwa ya fara ja baya, yashi ya fito. Daga Maris zuwa gaba fili har ya yi yawa. Kuma lokacin ne ma kifin ke taruwa a gurbi.

Na Kebek:
Lokacin kuma zafi ya wuce digiri 40, wa zai tsaya kan yashi da rana yana koyon jifa?

Mushe na Gamkalle:
Wanda ke son kifi. Da asuba ake fita.

Baba Basarke:
Salamu alaikum yara. Ɗana ke rubuta mini, ni ina faɗi. Sandarku ban san ta ba, amma ruwan ga cikinsa anka haife ni, to ku ji.

Ruwa biyu muke da shi a shekara. Jan ruwa shina zuwa da damina, Agusta da Satumba, daga Sirba da Dargol da Gorwal, da laka shike tafe. Ka sa hannunka ciki har gwiwa ba ka ganin yatsunka. Kifin da ke ci da ido ba ya ganin gashin tsuntsunku a wannan ruwa, ko kun jefa har Harobanda, tsallaken kogi. Lokacin tarwaɗa ne da ragon ruwa da kurungu, masu bin wari. Sa'an nan baƙin ruwa, wanda ya taso daga Gine, ya kwana a fadamun Mali ya zubar da lakarsa, shina cika nan cikin sanyi, wajen Janairu. Shi ne ruwanku. Daga nan har ya fara sauka, tsage na kora ƴan kifi a sama, da safe kana ganin su suna tsalle suna watsewa. Inda ka ga haka, nan za ka jefa.

Kuma ɗana, kifin ba tsakiyar kogi shike kullum ba. Sau da yawa shina nan bakin burgu, taku goma daga inda kake. Kada son nisa ya sa ka taka kifin da ke gabanka.

Giwan ruwa kuwa ka cire shi daga lissafin ga. Shina kwance a rami mai zurfi gindin dutse, sai magariba shike tashi farauta. Babbansa ya fi ka nauyi. Kuma ba shi da yawa kusa da gari kamar da.

Ɗan Ader:
Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya ja kwana. Wanga bayani ko da kuɗi ba na samu nai ba.

Mushe na Gamkalle:
Baba ya gama magana a kan giwan ruwa. A Faro ma masu nemansa da ƙuda lamba 12 suke ɗauka, kuma da dare suke yi. Kada ka sayi sanda mai nauyi don kifin da wataƙila sau ɗaya za ku gamu, ka wahalar da kanka duk sauran kwanakin.

Na Kebek:
A nan bakinmu ɗaya da Mushe. Yanzu bari in zo kan abin da ya fi sandar muhimmanci, don shi ne ke sa mutane su jingine ta a bayan ƙofa su ce ba su iya ba: zare.

A wannan fatsa ƙudan ba shi da nauyi, zaren ne ke da nauyi, shi ake jefawa, ƙuda na biye. To lambar da ke jikin sanda mai hannu biyu ba ɗaya take da ta mai hannu ɗaya ba. Zaren lamba 7 na mai hannu ɗaya, mita 9 na farkonsa giram 12 ne. Sandar Spey lamba 7 kuwa tana son kan zare mai giram 30 zuwa 35. Ka ga kusan ninki uku. In yayanka ya shiga kanti ya ce a ba shi zare lamba 7 kawai, za a iya ba shi na hannu ɗaya, ka ɗaura, sandar ta ƙi lanƙwasa, ka yi ta fama kana zargin hannunka. Yawancin masu ƙera sanda na faɗin nauyin kan zaren da ya dace da ita, wasu a jikinta ma suke rubutawa, da giram ko da ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi. Wannan adadin za ka bi. A sayi sanda da zare a wuri ɗaya, mai kantin ya haɗa su.

Kan zaren iri biyu ne za ka ji ana ambata. Skagit, daga sunan wani kogi a jihar Washington ta Amurka, gajere ne mai kauri, wajen mita 6 zuwa 7, an yi shi don ɗaukar babban ƙuda da guntun zare mai nitsewa. Skandi na ƙasashen arewacin Turai ya fi tsawo da siranta, yana sauka ruwa a hankali, amma ƙaramin ƙuda yake so. Kai da za ka jefa wa tsage ƙuda mai tsawon yatsa, ga ƴar waya a gaba, ga iskar hunturu, Skagit ne naka. Kuma shi ya fi saurin koyuwa, don kana jin nauyinsa sosai.

A haɗa maka da guntaye biyu na gaba, ɗaya mai nitsewa a hankali, ɗaya mai sauri, kowane wajen mita 3. Sai siririn zaren da ke bin kan in ya tashi, sai na ajiya a cikin mulune, aƙalla mita 150.

Mushe na Gamkalle:
Ga wani abin da ɗan uwa bai faɗa ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ƙasar ƙanƙara yake. Zarurrukan Skagit don ruwan sanyi aka yi yawancinsu. Rufin robar da ke jikinsu in ya sha zafinmu sai ya yi laushi, ya riƙa manne wa zoben sanda, ya ƙi gudu. Na mai hannu ɗaya akwai waɗanda aka yi musamman don ƙasashen zafi, cikinsu da tauri, a ko'ina ana samu. Wannan ma na cikin dalilina.

Na Kebek:
Wannan gaskiya ce, na karɓa. Maganinta: siririn zaren baya ya zama na nailan zalla, shi zafi bai dame shi ba, kuma shi ne ke gudu cikin zobba. Kan kuwa yana waje. Ya yi fatsarsa daga Disamba zuwa Fabrairu da safe, kada ya bar mulune cikin mota a rana, ya riƙa wanke zaren da ruwa da ɗan sabulu saboda ƙura.

Anti Lokotoro:
Ku yi haƙuri in katse ku, don na ga ana ta maganar tsayawa cikin ruwa. Ƙanena, waɗanda kake gani a bidiyo cikin ruwa har ƙugu, kogunansu ba tsargiya. Namu akwai. Ƙwayar cutar daga ƴan dodon koɗin da ke cikin ciyawar baki take fitowa, ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa nan ta fi yawa. Ka sa takalmin roba mai tsawo, ka tsaya inda bai wuce shi ba. In ka ga jini a fitsari kada ka jira, maganinta praziquantel yana nan kuma yana aiki.

Na biyu, tabarau. Kullum, ko da hazo, ko da magariba. Ƙugiya a kunne ko a wuya ana cirewa a ɗinke, ido kuwa ba a mayar da shi. Ka sa hula mai baki, kuma ka danne ƴar ƙayar ƙugiyar da filaya tun kana koyo.

Baba Basarke:
Ɗiyata ta faɗi gaskiya. Ni kuma in ƙara da dorina. Tana nan, daga Ayoru har Bubon har kusa da gari, kuma mai ɗa ba ta da wasa. Kada ka shiga wurin da ba ka sani ba sai ka tambayi masuntan wurin. Ka gaida sarkin ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Su za su nuna maka inda sunka shimfiɗa kalli da mamari, kada zarenka ya hau kayan mutane a yi rigima.

Na Tabalak:
Ɗan Ader, ɗan uwa, in kana da niyyar zuwa da ita gida hutu, ka san tafkinmu ruwa ne kwantacce. Shi wanga jifa da ruwa ke ja maka ƙuda ba ya aiki nan, don ba abin da ke gudu. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwan da anka zuba, duk sai ka ja da hannu. Nan kam sandar Mushe ta fi.

Ɗan Ader:
Gida sau ɗaya nike zuwa a shekara, da salla. Kogi kuwa ga shi ƙofar gidana. Don Yamai nike sayen ta.

Alhaji mai Tiranzit:
Ni ba masunci ba ne, kaya na sani. Jika 250 kusan Yuro 380 ke nan. Zai yi, in ba ka bi manyan sunaye ba. Sanda ƙafa 13 mai gaɓa huɗu, kowace gaɓa kusan mita ɗaya ce, bututunta ya ɗara mita, ba ya shiga akwati. Yayanka ya tambayi kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya yadda suke karɓar irin wannan. Akwai masu gaɓa shida da ke kwanciya cikin babban akwati. Ya riƙe takardar sayen a hannu saboda duwan. Kuma kada ka biya ƙarin kuɗi don an ce in ta karye za a sake maka. Kuɗin aika ta Turai da dawo da ita kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. In suna sayar da gaɓar sama daban, a sayo biyu tun yanzu.

Na Kebek:
Alhaji ya kawo magana mai kyau, gaɓar sama ita ce ke karyewa. Kuma ga dalilin da ya fi yawa: jifan Spey yana murɗa sanda, gaɓoɓin na kwancewa a hankali ba ka sani ba, sai bakin ɗaya ya tsage. Ka naɗe kowace mahaɗa da salatif ɗin masu gyaran lantarki kafin ka fara, ka riƙa dubawa.

Rabon kuɗin kuwa, wajen rabi ga sanda, kada a yi rowa a zare, mulune ya samu abin da ya rage. Abin da ake so gare shi ya zama babba, ya ɗauke zaren duka, ya yi nauyin da zai daidaita doguwar sanda a hannu, birkinsa kuma rufaffe saboda ƙura da yashi. Na lamba 9 zuwa 10 a ma'aunin hannu ɗaya shi ke dacewa da Spey lamba 7.

Wajen koyo, a ruwa za ka yi, don a ƙasa ba abin da zai riƙe ƙarshen zaren. Ka ɗaura guntun ulu maimakon ƙugiya har hannunka ya faɗa. Ƙarfin jifa daga hannun ƙasa yake fitowa. Kamar jigo ne, hannun sama shi ne gwafar da ke tsaye, na ƙasa ke jawowa zuwa cikinka. Wanda ya saba da fatsar mulune zai so ya tura da hannun sama, nan zaren ke zubewa tuli a gabansa. Ka yi a hankali fiye da yadda ranka ke so.

Iska kuma, kullum zaren ya kasance a gefen da iska ke tafiya, kada ta turo maka ƙugiya a jiki. Shi ya sa za ka koyi jifa ta kafaɗa biyu. A gefen gari, in ka fuskanci kogi, ruwa daga damanka yake zuwa ya tafi hagu, iskar hunturu kuma daga bayanka. In ka haye Harobanda komai ya juya, iskar na fuskarka. Ka fara da gefen gari.

Sandar karbon ce, tana ɗaukar wuta. Ka dubi sama kafin ka ɗaga mita 4 kusa da wayar lantarki, kuma hadari na tasowa ka naɗe.

Mushe na Gamkalle:
Har yanzu ina kan bakana, da ƙanena na ciki ɗaya ne mai hannu ɗaya zan saya masa. Amma na ga ransa na kan doguwar, kuma abin da mutum ke so shi yake jure wa wahalarsa. To in ita ce, kada a manta da waya. Tsage na yanke nailan kamar ba a ɗaura ba. Ƴar waya mai laushi wadda ake iya ƙullawa, tsawon tafin hannu, gaban ƙuda. Ƙudaje masu kamar ɗan kifi, fari da ɗan ƙyalli don safiya, baƙi da ja don yamma, ƙugiya 1/0 ko 2/0 mai kaifi sosai. A sayo da yawa, kifi biyu uku sun isa su tsefe ɗaya. Da dogon filaya na cire ƙugiya, kada ka kai yatsa bakinsa ko ya daina motsi.

Ɗan Ader:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka ma kowa da alheri. Abin da zan tura ma yayana: ƙafa 13 lamba 7 mai laushi, kan Skagit daidai nauyin da anka faɗa ga sandar, guntaye biyu masu nitsewa, zaren baya na nailan, gaɓar sama ta ajiya in akwai. Mushe, maganarka ba ta faɗi ƙasa ba. In ba damuwa ina so in ga yadda kake yi da taka kafin ya saya, don shina da sauran makonni.

Mushe na Gamkalle:
Ba damuwa ko kaɗan. Asabar bayan sallar asuba ka same ni a Gamkalle, zan turo maka wurin ta waya. Ruwan bai gama washewa ba, kifi sai sa'a, amma za ka riƙe sanda ka ji yadda zare ke ɗaukar kansa. Ka zo da tabarau kamar yadda Anti ta ce. Kuma ka leƙa ofishin ma'aikatan gandun daji ka yi tambaya a kan takardar izinin kamun kifi, gara tana aljihunka.

Baba Basarke:
In kun zo ku biyo ta wurina. Akwai wani dutse ƙasa da mu da ruwa ke karyewa a kai, yaro zai kai ku da jirgi ya aje ku bisa yashin da ke gefensa. Ku taho da wuri, rana na ɗagawa tsagen ke sauka ƙasa.